Kazar da Ta Ɓoye Kyanwa

An yi wata Kaza a gidan Gwaggo Tasalla, gida na ƙarshe kafin a shiga gonaki. Kazar nan wake-wake ce, kyakkyawa, amma tana da ciwo guda ɗaya: son a girmama ta. In ta wuce ba a gaishe ta ba, ranar ko tsaki ba ya yi mata daɗi.

A gidan akwai Taure, bunsurun da aka fiɗiye tun yana ƙarami. Turkensa yana kusurwar katanga, inda yake ganin tsakar gida, yake kuma ganin bayan gida. Shi halinsa faɗin gaskiya, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Shi ya sa ba shi da aboki.

Gwaggo Tasalla ta tsufa, ita kaɗai take zaune. Gwiwa ta hana ta yawo, ido kuma ya yi rauni. Daga ɗakinta sai madafa, sai turken Taure in za ta kai masa dusa. Ba ta wuce nan.

A bayan gida akwai tsohon rumbun ƙasa na marigayi mijinta. Shekara bakwai ba a zuba masa hatsi ba. Gindinsa ya huje, ciyawa ta rufe hanyarsa. Ko da rana tsaka, cikinsa duhu ne.

Wata rana cikin damina, ruwa ya ɗauke ke nan, Kaza tana tono kusa da rumbun sai ta ga wani buhu a gindin katanga. Jiya babu shi. Wani ne ya jefo shi ta sama ya yi tafiyarsa.

Babu iska, amma buhun yana motsi.

Gashin wuyan Kaza ya miƙe. Ta ja da baya. Sai ga ƙafa ta ɓullo ta wata kafa a jikin buhun, sai kai, sai wata kyanwa mai launin toka ta jawo jikinta waje. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Idonta duk kwantsa.

"Mutum ko aljan?" in ji Kaza.

"Baiwar Allah ce," in ji Kyanwa, muryarta can ƙasa. "Don Allah kada ki yi ihu."

"Daga ina?"

"Daga bayan kasuwa. Duk sanda na haihu sai a zuba mu a buhu a yar. Wannan karo na huɗu ke nan."

Kaza ta karkata kai ta dubi buhun. Akwai sauran abu a ciki, ƙanana, guda uku.

"Su fa? Ba za su fito ba?"

"Ba za su fito ba," in ji Kyanwa.

Ita Kyanwa halinta tsoro. Wahala ce ta koya mata. Ko ganye ya faɗo sai ta maƙale.

Kaza ta tsaya tana tunani. Ɓeraye sun dame ta, suna sace mata ƙwai. Amma ba wannan ne ya fi yi mata daɗi ba. Duk unguwar nan babu kazar da take da kyanwa a ƙarƙashinta.

"Zan riƙe ki," in ji ta. "Ga rumbu nan, na ba ki. Amma da sharaɗi. Uwar ɗaki za ki riƙa ce mini."

"Na gode, uwar ɗaki."

Daga turke aka yi gyaran murya.

"Ke Kaza, da me za ki riƙe ta? Da tsaki?"

"Wa ya sa da kai?"

"Ba wanda ya sa da ni. Amma riƙo ba ɗaki kaɗai ba ne. Akwai ci, akwai sha, akwai magani. Dubi idonta. Ki kai ta ƙofar madafa Gwaggo ta gan ta. Ita za ta ba ta abinci, ta sa a kai ta wurin likitan dabbobi ya duba ta, ya yi mata aikin da zai tsayar da haihuwar nan."

Kyanwa ta ɗaga kunne. "Kawu, ana iya tsayarwa?"

"Ana iyawa. Allura zai yi miki, ki yi barci, ki farka an gama. Kwana kaɗan wurin ya warke. Ni ma an yi mini irin namu na maza. Ki dube ni. Ba na haura katangar kowa, ba na dawowa da jini a goshi, ina cin dusata lafiya."

"Wallahi na gaji," in ji Kyanwa. "Goma sha bakwai na haifa. Babu ko ɗaya da ya kai wata uku."

Kaza ta yi tsalle kamar ta taka garwashi.

"Kai! Za ki saurari wanda ba shi da ɗa ko na magani? Haihuwa ai arziki ce. Ni nan na ƙyanƙyashe sun fi hamsin, ban taɓa ɗora wa kowa tukunya ba. Kwana biyu da fitowarsu suke bin ni, su tona ƙasa su ci. Naki ma haka za su yi."

"Ɗan kyanwa ba ya tono," in ji Taure. "Kuma ke ƙwanki Gwaggo take kwashewa, ta bar miki takwas ko goma ki kwanta a kai. Ita wa zai rage mata?"

"Hassada ce ke cin ka."

"Ni tuƙa nake yi, ba abin da ke ci na."

Kaza ta ga Kyanwa ta fara takawa wajen tsakar gida. Ta san in Gwaggo ta gan ta, ta zama kyanwar Gwaggo, ba ta Kaza ba. Sai ta sha gabanta, ta sassauta murya.

"Je ki, ban hana ki ba. Amma mutum duk mutum ne. Da idona na ga buhuna biyu rataye a madafar nan."

Kyanwa ta tsaya cak. Ta juya da gudu ta shige ramin rumbu.

Ku lura da wannan wuri da kyau. Buhunan nan, ɗaya kuka ce a ciki, ɗaya busasshiyar kuɓewa. Kaza ta sani sarai.

Watannin farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Kyanwa ta kama ɓeraye ta murmure. Ƙwan Kaza ya daina ɓacewa. Kullum da safe Kyanwa ta leƙo daga rami ta ce, "Uwar ɗaki, an tashi lafiya?" Kaza ta amsa da ƙarfi yadda kajin maƙwabta za su ji.

Sai muzurai suka fara zuwa. Da la'asar suke hawa katangar baya, su jeru, su yi ta kuka irin na jarirai. Gwaggo tana kan tabarmarta sai ta ajiye carbi.

"Ɗan wa aka bari a gona yana kuka haka?"

Ta saurara. Kukan ya zama biyu, ya zama uku, sannan ya yanke gaba ɗaya. Ta tofa addu'a hagu da dama ta shige ɗaki.

Bayan wata biyu Kyanwa ta haifi huɗu, uku mata, ɗaya namiji. Kaza ta bi unguwa gida-gida tana shela kamar ita ta haifa. Da suka buɗe ido ta koya musu su ce mata Kaka. Da suka fara tafiya ta jera su a gaban rumbu za ta koya musu tono.

"Ku duba. Ƙafar dama, ƙafar hagu, ku ja baya, ku tsinta. Kai na ƙarshe, tsinci!"

Ɗan kyanwa ya ɗauki ƙwayar gero a baki ya tofar.

"Kaka, wannan dutse ne."

"Abinci ne, sakarai."

"Ba ya motsi, Kaka."

Taure ya yi dariya har igiyarsa ta shaƙe shi. Da ya gama ya ce, "Huɗu da uwarsu, biyar. Mata huɗu a ciki. Kafin rani ya yi nisa kowaccensu za ta haihu. Har yanzu da sauran lokaci, Kaza. Biyar ba su fi ƙarfin Gwaggo ba."

"Baƙin bakinka ya bi ka," in ji Kaza. "Biyar ɗin ne suka tsone maka ido? Bari su kai ashirin. Ran nan ko zakara ba zai wuce ni bai rusuna ba."

Suka kai ashirin. Uwar ta sake haihuwa, 'ya'yan suka haihu, uwar ta sake. Daga nan Kaza ta daina iya ƙirgawa. Ta daina ma leƙa rumbun, saboda wari.

Sai gidan ya fara yin shiru.

Ɓeraye ne suka fara ƙarewa, kowa ya ji daɗi. Sai gafiyar da ke ƙarƙashin turmi. Sai ƙadangarun da ke shan hantsi a kan katanga, aka wayi gari katangar fayau. Kurciyoyi suka daina sauka a kan darbejiya. Kwaɗi suka daina kuka a bakin kwata. Har fara da gyare aka nema aka rasa.

Da rana tsaka, in Gwaggo ta zauna a inuwa, numfashinta kawai take ji.

"Gidan nan ya yi nauyi," in ji ta.

Ta ajiye busasshen kifi a madafa, ta dawo babu. Ta ce mantuwar tsufa ce. Ta rufe nono da faifai, ta dawo ta tarar da faifan a ƙasa, ƙwaryar a bushe. Wani lokaci sai ta ga kamar inuwa ta gifta ta gefen idonta, in ta waiwaya ba kowa. Ta sayo turare ta yi wa ɗaki hayaƙi. Taure ya yi ta kuka yana jan igiya wajen rumbu, ita kuwa ta ɗauka yunwa ce, ta ƙara masa dusa.

Damina ta zagayo. Kaza ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara, masu kyau, kamar an zuba auduga a ƙasa.

Ranar da ta fara fitowa da su, ta ratsa tsakar gida suna biye. Da ta kai bakin turmi ta waiwaya. Takwas.

Ba ta ji kuka ba. Ba ta ga komai ba. Ciyawar hanyar rumbu ce kawai take kaɗawa, ita ma ta tsaya.

"Shirwa ce!" in ji ta. "Shirwa ta ɗauke mini ɗa!"

"Shirwa tana da inuwa," in ji Taure. "Ban ga inuwa ta wuce ba. Rabon shirwa da gidan nan tun bara, ba abin da za ta samu."

"To me kake nufi?"

"Kin san abin da nake nufi."

"Jikokina? Waɗanda na ba wurin kwana? Allah ya isa tsakanina da kai, Taure."

Washegari bakwai. Bayan kwana biyu, biyar. Kullum da rana, kullum ba ƙara.

Ranar da suka koma uku, Kyanwa ta fito da kanta. Ta daɗe ba ta fito ba. Ta fi ranar da ta zo ramewa, gashinta ya zube wuri-wuri, cikinta kuma ya sake ɗagawa. Ta tsuguna nesa da Kaza.

"Uwar ɗaki, ki kwashe sauran ki koma ƙofar ɗakin Gwaggo. Kada ki ƙara barin su su taka ciyawar nan."

"Ke ma kin koma bakin Taure?"

"Yunwa suke ji. Babu ɓera, babu ƙadangare. Ƙananan suna mutuwa da mura, manyan suna cin abin da suka samu. Na kasa ciyar da su, na kasa hana su."

"Ki gaya musu 'ya'yan Kaka ne."

"Waɗanda suka san ki Kaka guda huɗu ne. Biyu sun mutu, ɗaya ya bi muzurai, ɗaya ba ta gani yanzu. Na yanzu ba su san ki ba. Ni kaina ba dukansu suka san ni na haifi iyayensu ba." Ta sunkuyar da kai. "Ki bar ni in je Gwaggo ta gan ni. In buhun ne ma, a sa ni."

Nan ne ya kamata Kaza ta ce: babu wani buhu, kuka ce da kuɓewa, ƙarya na yi miki. Magana ce gajeriya. Amma sai ta tuna kajin maƙwabta, da yadda za su taru a kan juji su ce ashe Taure ne da gaskiya.

"Ba inda za ki," in ji ta. "Maganar cikin gida ce. Ni zan gyara abina."

Washegari biyu. Ranar da ta biyo baya, ɗaya.

Na ƙarshen ta sa shi a ƙarƙashin fiffike, ba ta ko tono. Amma da rana ta take, ƙishirwa ta kama ta. Ta tura baki cikin kasko, ta ɗaga kai sama don ruwan ya wuce, kamar yadda kowace kaza take yi. Da ta sauke kai, babu shi.

Wannan karon ta ji. Can daga cikin rumbu, siririyar murya tana kira, "Inna! Inna!"

Ta nufi ciyawar.

"Kaza, tsaya!" Taure ya fizgi igiya har turken ya girgiza. "Kada ki shiga. Zo nan mu yi ta ihu tare har Gwaggo ta fito. Ni kaɗai ba ta gane ni, amma in ta ji mu biyu za ta taso."

"In tara wa kaina jama'a? A kan gidan da ni na ba su?"

"'Yar'uwa, don Allah."

Bai taɓa ce mata 'yar'uwa ba. Ta ɗan tsaya. Sannan ta gyara fiffike, ta miƙe wuya, ta shige ciyawa.

A bakin ramin wari ya tare ta. Ta sunkuya ta shiga. Ƙasan wurin laushi gare shi, da ta duba sai ta ga gashin tsuntsaye ne. Ta tsaya har idonta ya saba da duhu.

"Salamu alaikum."

Ba wanda ya amsa.

Sai idanu biyu suka buɗe a gabanta, kore shar. Sai biyu a hagu. Sai biyu a dama. Suka yi ta buɗewa, a ƙasa, a cikin tsagar bango, a kan itatuwan da suka gitta can sama. Ta waiwaya. Akwai biyu a bakin ramin da ta shigo.

Ba mai motsi. Numfashi kawai ake yi, da tari ƙasa-ƙasa.

"Ba a gaida Kaka?" in ji Kaza.

Can sai wata ƙaramar murya daga sama ta ce, "Mece ce kaka?"

Wata ta amsa daga bango, "Ana ci?"

A can ƙurya tsohuwar Kyanwa tana kwance, ɗan tsakon yana tsakanin ƙafafunta na gaba. Ta ƙwace shi daga bakin wani, ta kwanta a kansa. Ta yi magana ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Uwar ɗaki, ɗanki yana wurina, da ransa. Ni zan fito da shi. Ki juya a hankali. Kada ki buɗe fiffike. Kada ki ɗaga murya. Ki taka kamar ba ki gan su ba."

Da ta bi wannan magana, da wataƙila ta fita. Amma tun da aka ƙyanƙyashe ta ba a taɓa tambaya a gabanta ko ana cin ta ba. Wuyanta ya kumbura. Ta buɗe fiffike biyu, ta daka tsawa.

"Ni za a yi wa rashin kunya? Ni da na tsinci kakarku a cikin buhu? Ku sauko ku gaishe ni!"

Suka sauko.

Daga turke, Taure ya ji ƙara sau ɗaya, kamar an kakkaɓe tabarma. Bai ƙara jin komai ba.

Ya tsaya yana kallon ciyawa. An jima ta buɗe. Kyanwa ta fito tana ɗingishi, kunnenta ɗaya a yage, ɗan tsako a bakinta, ta riƙe shi ta ƙeya kamar yadda take ɗaukar nata. Ta ajiye shi tsakanin kofatan Taure.

"Kawu, riƙe mini."

"Ina za ki?"

Ta ratsa tsakar gida da rana tsaka, a fili, inda babu wurin ɓuya. Da ta zo daidai madafa ta ga buhunan nan biyu suna rataye. Ta rufe ido ta wuce. Ta zauna a bakin tabarmar Gwaggo ta yi kuka.

Gwaggo ta zabura. "Ke kuma daga ina? Wa ya yi miki wannan aika-aika?"

Ta tsiyaya mata ruwa a murfi. Kyanwa ba ta sha ba. Ta yi taku uku ta waiwayo. Ta dawo, ta sake yin taku uku, ta waiwayo.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. Ta jawo sandarta.

Ta wuce madafa. Ta wuce turke. Ta shiga ciyawar da ta shekara takwas ba ta taka ba, tana dogarawa tana nishi. A bakin ramin ta ga gashi baƙi da fari a warwatse, ta gane na wace ce. Ta dafa bango ta sunkuya ta leƙa.

Idonta ba ya gani sosai, amma wannan ta gani.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta zauna a ƙasa, ta daɗe ba ta tashi ba.

Kafin la'asar maƙwabta sun cika gidan. Wani ya ce a toshe ramin a sa wuta. Gwaggo ta ɗaga masa sanda. Wata ta ce a kawo buhuna a zuba su, a kai bayan kasuwa a yar.

"In kai wa wani abin da aka kawo mini?" in ji Gwaggo. "Rayuka ne. Su suka ce a haife su? A kira mini likitan dabbobi."

Likita ya zo da kejin ƙarfe. Sai da ya yi sawu uku. Talatin da huɗu ya fitar masu rai, ban da ƙasusuwan da aka share. Goma sha ɗaya ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu, ba su kai mako ba. Sauran ya yi musu magani, ya yi wa mazan fiɗiya, ya yi wa matan aiki. Gwaggo ta zauna a zaure tana tantance masu karɓa. Mai sayar da hatsi ya ɗauki biyu, mai injin niƙa ya ɗauki ɗaya. Duk wanda ya zo sai ta tambaye shi, "Me za ka ba ta ta ci?" In ya ce ai za ta kama ɓera, sai ta ce ya tashi ya ba ta wuri.

Ran da likita ya dawo da tsohuwar Kyanwa, ya miƙa ta ga Gwaggo yana girgiza kai.

"Gwaggo, da ranar da ta shigo gidan nan aka kawo mini ita, aiki ɗaya ne."

Gwaggo ta sa aka rushe rumbun. Ɗan tsako ya girma a gindin turke, yana tsintar dusar da ta zube. Sau ɗaya ya tambaya, "Kawu, ina Inna?" Taure ya ce, "Ta shiga neman ka, ba ta fito ba." Bai ƙara komai a kai ba.

Kyanwa ta zauna a ƙofar ɗakin Gwaggo. Tana da kaskonta na abinci, tana da na ruwa. Gashinta ya fito, idonta ya washe, ba ta ƙara haihuwa ba. Sai dai wani lokaci, da rana tsaka in gida ya yi tsit, takan tashi daga barci ta tsaya tsakiyar fili. Ta yi irin kiran nan mai taushi da kyanwa ke yi wa 'ya'yanta in ta kawo musu abinci. Ta saurara. Ta sake yi. Sannan ta koma ta kwanta.

Darasin wannan labari, ku riƙe shi da kyau, shi ne: kada ku tsinci rai don a yabe ku. In kun ga kyanwa a yashe kuka ji tausayinta, to tausayin yana da aiki a bayansa. Ku nuna wa manyan gida, kada ku ɓoye ta a lungu. Ku ba ta ci da sha kullum, ba ranar da kuka tuna ba. Ku kai ta wurin likitan dabbobi ya duba lafiyarta, ya tsayar da haihuwa, mace ce ko namiji. Aikin likita ne, ban ce wani ya ɗauki wuƙa a gida ba. Mai cewa a bar ta ta yi ta haihuwa, ku tambaye shi ko shi zai ciyar da talatin da huɗu. In ba za ku iya ko ɗaya cikin waɗannan ba, ku nemo wanda zai iya ku ba shi. Kuma in mai gaskiya ya gaya muku magana tun suna biyar, ku ji, ko da bakinsa ba daɗi.